Hukumar hana babakere ko ofishin lauyoyi: ina ɗalibin lauya zai fi ƙaruwa?

Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kaina ya ɗaure. Saura shekara ɗaya in gama karatun lauya, kuma hutun nan mai zuwa an ce kowa ya nemi inda zai yi horon sanin makamar aiki na wata uku. Wurare biyu ne a gabana. Ɗaya ofishin wasu lauyoyi ne masu zaman kansu, suna ba da ɗan alawus. Ɗayan kuma hukumar gwamnati ce mai kula da gasar kasuwanci, wato masu bin sawun kamfanonin da ke babakere ko haɗa baki kan farashi. Su ba su yi alkawarin ko sisi ba. Malaminmu na dokar kamfanoni ne ya ce in gwada can, amma ni ko darasi ɗaya ban taɓa ɗauka a fannin ba, kuma an ce min lissafi ne zalla. Ni kuwa lissafi ne ya koro ni zuwa lauya. Wanda ya taɓa zama a irin wannan wuri ya taimaka min.

Nura: Wa alaikumus salam. Wannan ai ba abin ɗaure kai ba ne. Ki tafi inda za a biya ki. A ofishin gwamnati fayil za ki yi ta ɗauka daga wannan tebur zuwa wancan har wata ukun su ƙare. A wajen lauyoyi kuwa ko ba komai za ki riƙa bin oga kotu, ki ga yadda ake tsayuwa gaban alƙali.

Barista Hadiza: Nura, ka taɓa zama a irin hukumar, ko ji ka yi?

Nura: Ji na yi, Barista. Amma ai ofishin gwamnati duk tafiyar ɗaya ce.

Barista Hadiza: To ni na zauna, kuma ba ɗaya ba ce. Ummi ƙanwata, bari in ba ki labarin makona na farko, sai dai zan canza kayan da ake magana a kai, don har gobe ba ni da ikon faɗin ainihin shari'ar.

Mu ce kamfanoni biyu ne masu yin kwalba suke so su haɗe. Lauyoyinsu suka rubuto cewa babu abin damuwa, domin in suka tsauwala farashi masu saye za su koma roba ko gwangwani. A takarda maganar ta zauna daram. Aka ce in zauna kusa da lauyar da ke riƙe da binciken, tana kiran masu sayen kwalbar ɗaya bayan ɗaya a waya, ni aikina rubuta abin da aka ce. Na farko ya ce shi kam zai iya komawa roba gobe. Na biyu ya ce injinansa na cika kwalba ne kawai, sauya su sai ya tsayar da masana'anta wata da watanni. Na uku mai haɗa magani ne, ya ce akwai maganin da ba ya zama a roba ko kaɗan. Kafin Juma'a na gane cewa abin da lauyoyin kamfanin suka kira kasuwa ɗaya, kasuwa uku ne ko huɗu, kuma a ɗaya daga ciki masu saye ba su da mafita.

Abin da na koya a can ke nan, kuma babu littafin da ya koya min shi: kafin ki buɗe sashen doka, sai kin san yadda kayan suke tafiya, wa ke saye, me ya sa, in an matsa masa ina zai nufa. Sauran lokacin kuma karatu ne, ba zan ɓoye miki ba. Imel na manajoji, takardun taron shugabannin kamfani, jadawalin ciniki. Ido har ya yi ja.

Ummi: Anti Hadiza na gode. Amma tsakani da Allah, ɗalibi ana barinsa ya taɓa aiki na gaske kuwa, ko kallo ne nasa?

Barista Hadiza: Ana bari, saboda hannu bai ishe su ba. Kamfani zai zo da lauyoyi cike da ɗaki, a ɓangaren hukuma mutum uku ne ko huɗu. Don haka in aka ce ki binciko ko kotu ta taɓa yanke hukunci kan wata tambaya, ba jarrabawa ake miki ba, amsar ake jira. Takardar shawara ta farko da na rubuta shafi goma sha ɗaya ce. Aka dawo min da ita an ce in mai da ita shafi biyu, kuma amsar ta zo a layin farko. Na ji haushi ranar. Yau haka nake rubutu.

Sadiya: Ku yi haƙuri da katsalandan, ni a shekarar farko nake. Wai ita wannan dokar me ta hana takamaimai? Girman kamfani laifi ne?

Malam Auwal: Tambaya mai kyau, Sadiya. Girma ba laifi ba ne, kuma wannan ne kuskuren farko da ɗalibai ke shiga da shi. Wanda ya mamaye kasuwa don kayansa sun fi kyau ko sun fi sauƙi, doka ba ta da magana da shi. Abin da ake bi uku ne kusan a kowace ƙasa. Akwai haɗa baki tsakanin abokan hamayya, su tsayar da farashi ɗaya, ko su raba yankuna, ko su tsara wanda zai ci kwangila wannan karon da wanda zai ci na gaba. Akwai mai ƙarfi da ke amfani da ƙarfinsa ya toshe wa wasu hanyar shiga. Sai kuma haɗewar kamfanoni, wadda ake dubawa tun kafin a yi, domin in ƙwai ya fashe ba ya komawa ɓawo.

Tarihin kuma ya daɗe. Kanada ta yi dokarta a 1889, Amurka ta yi dokar Sherman a 1890, da ita Kotun Ƙoli ta farfasa kamfanin man fetur na Standard Oil zuwa kamfanoni 34 a 1911. A 1914 aka ƙara dokar Clayton, aka kuma kafa FTC, hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci a can. A Tarayyar Turai sashe na 101 da na 102 na yarjejeniyarsu ne ginshiƙi, kuma tarar tana iya kai kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfani a duk duniya na shekara guda. Afirka ta Kudu ta yi tata dokar a 1998. Najeriya sai da dokar 2018 ta samu cikakkiyar doka, wadda ta kafa FCCPC, wato hukumar gasar kasuwanci ta tarayya, da kotun musamman ta gasa da kare masu saye. Ga kuma hukumomin yanki, ta COMESA, ƙungiyar kasuwancin ƙasashen gabashi da kudancin Afirka, a Lilongwe ta Malawi, da ta ECOWAS a Banjul ta Gambiya. Kin ga a wurare da yawa fannin jariri ne. Wanda ya shiga yanzu, ba layi mai tsawo zai tarar ba.

Nura: Malam, da girmamawa, jariri ne shi ya sa ba shi da abinci. Lauya nawa ne suke cin abinci da wannan fanni kaɗai?

Malam Auwal: Kaɗan ne, ban musa ba. Amma duk babban cinikin sayen kamfani da ya kai wani mizani sai an nemi izinin hukuma, kuma ofishin lauyoyin da ke wannan ciniki yana bukatar wanda ya san yadda hukumar ke tunani. Irin wannan mutum ba a samunsa a kan hanya.

Kabiru: Ni ba lauya ba ne, tattalin arziki na karanta, kuma da lauyoyi nake aiki kullum a kan irin waɗannan shari'o'i. Ummi, batun lissafi ne ya sa na sa baki. Bari in nuna miki mafi shaharar lissafin da ake yi, ki gani ko zai kore ki.

Kamfanoni huɗu a kasuwa. Biyu kowanne yana da kashi 30, biyu kowanne kashi 20. Ki ninka kowace lamba da kanta, ki tara: 900 da 900 da 400 da 400, ya zama 2,600. Wannan shi ne ma'aunin HHI, mai nuna yadda kasuwa ta taru a hannun kamfanoni kaɗan. Yanzu ƙananan biyun su haɗe su zama mai kashi 40: 900 da 900 da 1,600, ya zama 3,400. An samu ƙarin 800. A ƙa'idojin Amurka na 2023, in adadin ya wuce 1,800 kuma ƙarin ya wuce 100, to ana ɗaukar haɗewar da alamar matsala, sai kamfanonin su kawo hujjar da za ta wanke su. Shi ke nan. Ɗan firamare zai yi.

Inda gizo ke saƙar shi ne: kashi 30 na me? Nan ne ake dambe. Akwai tambayar da muke yi: da a ce mutum ɗaya ne ke sayar da duk wannan kaya, in ya ƙara kashi 5 cikin 100 a farashi ya bar shi haka, zai ci riba, ko masu saye za su gudu zuwa wani abu har ya yi asara? In za su gudu, to kasuwar ta fi yadda kika zana ta faɗi, sai ki shigo da abin da suke gudu zuwa gare shi ki sake tambaya. Abin da Barista ta yi ta saurara a waya ke nan, ba tare da an gaya mata sunansa ba. Lissafi mai nauyi namu ne. Abin da muke so daga lauya shi ne ya iya cewa ban gane ba, sake min bayani, domin in shi bai gane ba alƙali ma ba zai gane ba.

Ummi: Wallahi na yi lissafin a bayan littafina ya fito daidai. Yaya Kabiru ka rage min tsoro.

Kabiru: Ki riƙe sauran tsoron, zai miki amfani.

Zainab: Ni fa inda nake da ja shi ne batun aiki ba biya. Kowa ya zo yana cewa ƙwarewa, ƙwarewa. Wata uku ba alawus, wa zai biya kuɗin mota da na ɗaki? Wanda iyayensa ke da hali ne kawai zai iya. Sai a wayi gari hukumar da aka kafa don hana masu ƙarfi toshe wa ƙanana hanya, ita da kanta ƙofarta a buɗe take ga 'ya'yan masu ƙarfi kaɗai. Ba ku ga abin dariya a nan ba?

Nura: Yauwa Zainab, faɗa musu.

Barista Hadiza: Zainab, ba ni da amsar da za ta ture maganarki, gaskiya ce. Ni ɗin ma don ina da 'yar uwa da na zauna a wajenta ne na iya. Abin da kawai zan ce wa Ummi: ki tambaya kafin ki yanke. Wasu makarantu suna da ɗan tallafi ga ɗalibin da ya zaɓi aikin gwamnati, wasu suna lissafa horon a matsayin darasi mai maki. Wasu hukumomin kuma suna yarda da kwana uku a mako. In duk babu, kuma babu halin, kada ki ci bashi saboda wannan. Fannin ba zai gudu ba.

Zainab: To ai kin ga, mun dawo kan mai 'yar uwa a gari.

Malam Auwal: Mun dawo. Kuma ba a nan kaɗai ba. A Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ma yawancin guraben ɗaliban lauya na sa kai ne, ba biya, sai wani shiri na bazara da ake biya wanda gasar shigarsa ta fi zafi. Hukumar Tarayyar Turai ita tana biya: horon wata biyar ne, ana farawa a Maris da Oktoba, sai dai sai ka gama digiri tukuna. Don haka ƙorafin Zainab ƙorafi ne da ɗalibai suke yi a can ma.

Sadiya: Malam, wanda ba ɗan ƙasar ba zai iya nema a can?

Malam Auwal: A Amurka da wuya, aikin Ma'aikatar Shari'a galibi sai ɗan ƙasa, kuma sai an tantance mutum ta fuskar tsaro. A Turai ana keɓe 'yan gurabe ga waɗanda ba 'yan Tarayyar ba. Tunda an zo nan, wanda zai karanta tsarin Amurka ya lura hukuma biyu ce. Sashen hana babakere na Ma'aikatar Shari'a shi ne ke da ikon gurfanar da mutum kan laifi, kuma haɗa baki kan farashi a can yana iya kai mutum gidan yari har shekara 10, kamfani kuma tarar dala miliyan 100 ko fiye. FTC ba ta ɗaure kowa, ƙarar farar hula take yi, kuma tana haɗawa da kare masu saye. Haɗewar kamfanoni kuwa raba ta suke tsakaninsu. Tun dokar 1976 manyan kamfanoni sai sun sanar kafin su haɗe, su jira kwana 30. In hukuma ta ga alamar tambaya sai ta nemi ƙarin takardu, kuma a nan ne takardu ke zuwa da miliyoyin shafuka. Ɗalibai da yawa a cikin wannan tulin suke ƙare hutunsu.

Aliyu: Ni abin da ke burge ni a fannin shi ne samame. A ce da sassafe jami'ai su dira ofishin kamfani su kwashe kwamfutoci. Ana tafiya da ɗalibi?

Barista Hadiza: Ni dai ba a tafi da ni ba, kuma ban ma san za a yi ba sai da aka dawo. Haka ya kamata.

Kabiru: Samame ba wasa ba ne, Aliyu. A 2008 Hukumar Turai ta ci kamfanin makamashi na E.ON tarar yuro miliyan 38, ba don haɗa baki ba, don kawai an tarar da hatimin da jami'ai suka liƙa a ƙofar wani ɗaki lokacin bincike ya ɓalle. Amma in gaya maka, yawancin manyan ƙungiyoyin haɗa baki ba samame ne ya fara tona su ba, daga ciki aka tona. Akwai tsarin sassauci: wanda ya riga kowa zuwa ya fallasa, ya kawo hujja, ana yafe masa. Amurka ta gyara nata tsarin a 1993 ya zama yafiyar tabbas ce ga na farko, daga nan abin ya kankama. Ka duba shari'ar masu ƙera manyan motoci a Turai a 2016: tarar ta kusa yuro biliyan 3, amma kamfanin MAN, ɗaya daga cikinsu, bai biya komai ba don shi ya kai rahoto. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ita kuma hukuma aikinta ta sa kowane ɗan ƙungiya ya kwana yana zargin ɗan uwansa zai riga shi.

Aliyu: To in aka ga farashinsu ya tashi rana ɗaya, ai wannan hujja ce.

Kabiru: Ba hujja ba ce ita kaɗai. Mai shago yana iya kallon maƙwabcinsa ya bi sahu ba tare da sun taɓa gaisawa ba. Sai an nuna yarjejeniya, ko wasu alamu da ba za su yi ma'ana ba in babu ita. Ɗalibai da yawa a nan suke faɗuwa a intabiyu.

Mustapha: Ina bin tattaunawar tun ɗazu. Abin da ya ba ni sha'awa, mu da muka karanta fiƙihu a gefe ba baƙon abu ba ne gare mu. Ihtikari, wato ɓoye kayan masarufi don su yi tsada, an hana. Tare fatake a hanya kafin su iso kasuwa su san farashi, an hana. Najashi, mutum ya riƙa ƙara tayi ba don zai saya ba sai don ya ruɗi wani, an hana, kuma wannan ɗan uwan maguɗin kwangila ne na jini. Har muhawarar ko hukuma na da ikon ƙayyade farashi malamai sun yi ta. Ummi, in aka tambaye ki me ya ja hankalinki, kina da abin faɗa wanda ba haddar intanet ba.

Malam Auwal: Madalla, Mustapha. Sai dai a yi hattara, kamanceceniya ce ba abu ɗaya ba. Babu babin duba haɗewar kamfanoni a can. Amma a matsayin mashiga, ta yi.

Fati: Bari in faɗi abin da ba wanda ya taɓo, don ni ya kusa ja min. Sirri. Ranar farko za a ba ki takarda ki sa hannu, ki karanta ta da kyau. Ni lokacin nawa horon, a wata hukuma da ba zan ambata ba, na ɗauki hoton teburina don in nuna wa ƙawaye na fara aiki. Ashe a gefen hoton akwai bangon fayil da sunan kamfani a jiki, kamfanin da duniya ba ta san ana bincikensa ba. Allah ya taimake ni wata ma'aikaciya ta gani cikin 'yan mintoci ta kira ni, na goge. Washegari na sha zama a ofishin oga. Ba a kore ni ba, amma daga ranar ba a sake sa ni cikin wannan binciken ba. Labarin ana binciken kamfani kaɗai yana iya girgiza hannun jarinsa, kuma takardun da ke gabanki asirin cinikin mutane ne da doka ta tilasta musu miƙawa. Ko a gida ba a faɗa. In kina da hannun jari a wani kamfani, ko wani naki yana aiki a can, ki faɗa tun farko a cire ki daga shari'ar.

Ummi: Innalillahi. Ni da komai sai na ɗauka a hoto.

Fati: Ki bar wayar a jaka kawai.

Nura: To ni ga tambayata ta gaskiya, ba tsokana ba. Duk waɗannan da ke yabon hukuma, ina suke ƙarewa? Barista, ke yanzu ina kike aiki?

Barista Hadiza: Ofishin lauyoyi masu zaman kansu. Kamfanoni nake karewa.

Nura: Kin gani! An je an koyi sirrin gidan, an dawo ana sayar wa waɗanda ake bincike. Ashe hukumar makaranta ce kawai ta horar wa kamfanoni lauyoyi kyauta.

Barista Hadiza: Ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ka bambance abu biyu. Sirrin shari'a ba na fita da shi, kuma duk abin da na taɓa a can ba zan karɓi aikinsa a nan ba har abada. Abin da na fito da shi sanin yadda ake tunani ne. Rabin aikina yau shi ne in ce wa shugaban kamfani kada ka yi, kada ka je wannan taron, wannan cinikin ba zai wuce ba. Haɗa baki nawa ne ba a yi ba saboda lauya ya hana tun a ɗaki? Ba wanda zai ƙirga. Duk da haka na yarda hukuma tana asara in duk wanda ta horar ya tafi, kuma albashi ne ke korar mutane, ba wani abu ba.

Zainab: Ko kuma mutum tun yana hukumar ya riƙa sassauta wa waɗanda yake fatan su ɗauke shi aiki gobe.

Barista Hadiza: Yana yiwuwa. Ni abin da na fi gani akasin haka ne, wanda ya fi matsa musu shi suke zawarci. Amma ba zan rantse a kan zuciyar kowa ba.

Malam Auwal: Wannan muhawara ba za ta ƙare a zauren nan ba, ana yinta a ko'ina. Bari in koma kan Ummi. Ki zaɓi shari'a ɗaya ki karanta ta daga farko har ƙarshe kafin intabiyu, ta fi miki taƙaitawa goma. In kina son ta zamani, ga ta Google da Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta shigar a 2020, wadda alƙali Amit Mehta ya yanke a Agustan 2024 cewa kamfanin ya yi babakere a harkar bincike a intanet, musamman ta hanyar biyan maƙudan kuɗi don ya zama shi ne ke fitowa kai tsaye a wayoyi. In kina son ki ga iyakar ƙarfin imel mai fallasa niyyar kamfani a matsayin hujja, ki duba ƙarar FTC a kan Facebook. Suna da saƙon Mark Zuckerberg na 2008 inda yake nuna saye ya fi gasa, suna da sayen Instagram a 2012 da WhatsApp a 2014, amma a 2021 alƙali ya yi watsi da ƙarar farko don ba su nuna ƙarfin kamfanin a kasuwa da gamsasshiyar hujja ba, sai da suka sake rubutawa. Darasin Kabiru ne dai: kashi nawa, na wace kasuwa.

In kuma kina son abin da ya bambanta da na Turawa, ki karanta na Afirka ta Kudu. Dokarsu ta sa a duba maslahar jama'a, kamar ayyukan yi da ƙananan 'yan kasuwa, ba farashi kaɗai ba, kuma an ga haka lokacin da kamfanin Walmart na Amurka ya sayi Massmart, kamfanin manyan kantuna na can, a 2011. Wasu masana suna ganin wannan gurɓata fannin ne, wasu suna ganin shi ne ya dace da ƙasa mai tasowa. Ni ina ɓangare na biyu, da sharaɗin a rubuta ma'aunin a fili kada ya zama ƙofar siyasa.

Aliyu: Malam ka manta da Lina Khan. Tana ɗalibar lauya a jami'ar Yale ta rubuta maƙala kan Amazon a 2017, a 2021 ta zama shugabar FTC tana da shekara 32.

Malam Auwal: Ban manta ba, gudun kada ku ɗauka haka ake yi kullum ne.

Ummi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Zainab da Yaya Nura, maganarku ta kuɗi ita ce ta fi tsaya min, don ba ni da wanda zan zauna wajensa. Gobe zan je ofishin shugaban sashenmu in ji ko akwai tallafi, in kuma rubuta wa hukumar in tambaya ko za su yarda da kwana uku. In sun yarda, can zan je. Sun ce a haɗa da samfurin rubutu. Ina da wani aikin aji kan dokar kwangila mai shafi 18, shi zan tura ko in rubuta sabo kan gasa?

Barista Hadiza: Kada ki rubuta sabo kan abin da ba ki sani ba tukuna, za su gane a sakin layi na farko. Ki ɗauko na kwangilar, ki ciro shafi biyar inda kika fi yin nazari da kanki, ki sa 'yan layuka a sama masu bayyana tambayar da kike amsawa. Ki turo min ta akwatin sirri kafin Alhamis in duba miki.

Nura: In sun ƙi kwana ukun ki min magana, ogana yana neman ɗalibi.

Sadiya: Yaya Nura, 'yan shekarar farko fa?

Nura: Ke ki gama dokar kwangila tukuna.